Ba ɗalibai shawara ta waya a karatu daga nesa: me za a rubuta a ƙa'ida?

Maman Iman:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ana shirin rubuta ƙa'idar aiki ga masu ba ɗalibai shawara a wata cibiyar karatu daga nesa. Tunda ɗalibai ba sa leƙo cibiya sai lokacin rajista ko jarrabawa, kusan duk ganawa ta koma waya: kira, WhatsApp, jefi-jefi bidiyo. Abin da suke kawowa kuwa ya wuce zaɓen kwas da TMA (aikin kwas da ake ba maki). Akwai rikicin aure, akwai matsananciyar damuwa, akwai wadda malami ya matsa wa lamba, akwai mai cewa ya gaji da duniya.

Ina neman masu ilimin abin su haska mana. Me ya wajaba a faɗa wa ɗalibi kafin a fara? Ta yaya za a tabbatar shi ne ke rubutu ba wani ba? WhatsApp ya halatta ga irin wannan aiki? Kuma idan ɗalibi yana wani gari mai nisa ya ce zai illata kansa, me mai ba da shawara zai yi daga inda yake zaune?

Malam Na-Zariya:

Wa alaikumus salam, Malama. A fara da takardar amincewa, domin yawancin rigimar da ke biyo baya a wannan aiki daga abin da ba a faɗa ba tun farko take tasowa. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa da Turanci, a tura wa ɗalibi kafin ranar ganawa, sannan a maimaita masa muhimman wuraren da baki a minti biyar na farko. Ya amsa da saƙon "na karanta, na yarda", a ajiye amsar da kwanan wata. Turawa kawai ba ta wadatar ba, ɗalibanmu sun saba danna "na yarda" ba tare da sun karanta layi ɗaya ba.

A cikin takardar a rubuta sunan mai ba da shawara da shaidar karatunsa, da ranaku da awannin aiki, da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a amsa saƙo (misali awa 24 a ranakun aiki), a kuma faɗa ɓaro-ɓaro cewa wannan layi ba na gaggawa ba ne. A rubuta abin da ake ajiyewa daga hirar, inda ake ajiye shi, da wanda ke da ikon gani. A rubuta cewa ba a naɗar murya ko bidiyo, daga kowane ɓangare, sai da izini a rubuce. A rubuta cewa ɗalibi zai iya dainawa duk ranar da ya ga dama, kuma hakan ba zai taɓa makinsa ba. Wannan na ƙarshe kada a raina shi. A tsarin jami'o'in karatu daga gida irin NOUN, mai ba da shawara a cibiya yakan zama shi ne kuma mai taimaka wa ɗalibi kan rajista da matsalar sakamako, saboda haka ɗalibi yana kallonsa a matsayin hukuma, yana tsoron ya ce a'a.

Sai iyakar sirri. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma haka ne, amma kada mai ba da shawara ya kuskura ya ce "wallahi ba wanda zai taɓa ji". Ba zai iya cika wannan alkawarin ba. Wurare uku ne aka saba fasa sirri: idan ran ɗalibin ko na wani yana cikin haɗari na gaske, idan ana cutar da yaro ɗan ƙasa da shekara 18, da idan kotu ta ba da umarni. Batun haɗari ga wani mutum ya samo ƙarfinsa ne daga shari'ar Tarasoff a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1976, inda wani ɗalibi ya faɗa wa likitan halayyar jami'a cewa zai kashe wata budurwa, ba a gargaɗe ta ba, ya kuma aikata. Hukuncin bai ɗaure kotunanmu ba, amma ƙa'idojin sana'ar a ƙasashe da yawa sun ɗauke shi. A faɗa wa ɗalibi waɗannan ukun kafin ya buɗe baki. Idan aka bari sai ya gama zubar da cikinsa sannan aka ce "ai wannan dole in kai gaba", ya ga an yaudare shi, kuma zai faɗa wa 'yan ajinsu.

Kan tabbatar da mutum, lambar rajista ba shaida ba ce. Miji ya san ta, ƙane ya san ta, yaron shagon kwamfutar da ke cike wa ɗalibi fom ya san ta har da kalmar sirrin shafinsa. Ganawar farko ta zama ido da ido a cibiya, in ba hali a yi bidiyo na minti biyu a nuna katin makaranta. A nan sai a yi yarjejeniya kan wata kalma da su biyu kaɗai suka sani, wadda za a nema a farkon kowace hira ta rubutu. Ƙa'idar ƙungiyar masu ba da shawara ta Amurka, ACA, ta 2014 ta ware sashe guda, sashe na H, kan aiki daga nesa, kuma ta ambaci wannan dabara ta kalmar sirri. A ƙara kalma ta biyu mai nufin "wani ya shigo". Ɗaliba ta ce "zan duba jadawalin", mai ba da shawara ya gane, ya juya magana zuwa karatu nan take.

Kowace ganawa kuma a buɗe ta da tambayoyi uku, ko da an yi ganawa goma a baya: kina ina yanzu, wa ke kusa da ke, za ki iya magana a sake? A gidan da ake ɗaki ɗaya da yara huɗu, ko gidan yawa mai kishiyoyi, amsar takan canza daga mako zuwa mako. Idan ba ta sake ba, a yi mata tambayoyin da amsarsu e ko a'a ce, ko a ɗage.

Ta fuskar doka, a duba dokar 2022 da ta kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara a Najeriya, da ƙa'idojin ƙungiyar masu ba da shawara ta Najeriya, CASSON. Ma'aikacin da bai karanci fannin ba ya tsaya kan shawarar karatu, ya miƙa sauran ga wanda ya karanta. Kyakkyawar zuciya da iya lallashi ba sa maye gurbin horo.

Baban Sadiq:

Malam ya gama da ɓangaren takarda, bari in taɓa na na'ura. Hajiya, amsar tambayarki kan WhatsApp ita ce: saƙon yana tafiya a kulle daga waya zuwa waya tun 2016, ko kamfanin ba ya karanta shi a hanya. Matsalar tana bakin hanyar biyu, wato wayarki da wayar ɗalibi.

Ga inda yake yoyo. Ajiyar hira da ke tafiya Google Drive ko iCloud ba ta shiga wancan kullen sai an shiga saiti an kunna da hannu. Sanarwar da ke fitowa a fuskar waya tana nuna layin farko na saƙo ko waya na kulle, kuma wayar tana kan tabarma ko a shagon mai caji. Akwai haɗa asusu da wasu na'urori, har huɗu: wanda ya riƙe wayar ɗaliba na minti ɗaya zai iya haɗa ta da kwamfutarsa ya riƙa karanta komai daga ofis, ita ba ta sani ba. Hotuna da takardun da aka turo suna sauka cikin ma'ajiyar hotuna, inda yara ke shiga neman bidiyo. Sannan layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sake sayar da lambar, sai ki tura "ya jikin, kin sha maganin?" ga baƙon da ba ki sani ba.

Don haka idan da hali, cibiya ta yi amfani da shafin makaranta mai shiga da kalmar sirri, a bar WhatsApp ga sanya lokacin ganawa kawai. Idan ba hali, to a cika waɗannan: waya da layi na ofis, ba na ma'aikaci ba, ta yadda in ya bar aiki hirar ɗalibai ba za ta bi shi gida ba, kulle waya da lamba shida, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a kashe nuna saƙo a sanarwa, a kashe saukar hotuna kai tsaye, a duba jerin na'urorin da aka haɗa duk mako. A ganawar farko a ɗauki minti biyar a bi da ɗalibi ta waɗannan saituna a tasa wayar, musamman na'urorin da aka haɗa da kuma kulle hira. Saƙo mai ɓacewa yana da zaɓi uku, awa 24, kwana 7, kwana 90. Na kwana 7 ya fi dacewa da wayar da ake aro, amma a gaya wa ɗalibi ba ya hana a ɗauki hoton hirar.

Saƙon tes na layi ba shi da kulle daga waya zuwa waya. Hirar Telegram ta yau da kullum ma ba kulle daga waya zuwa waya take ba, sai an buɗe hirar sirri. Guruf kuwa kada a yi shawarar sirri a cikinsa ko da mutum biyar ne, domin kowa na ganin lambar kowa.

Wani abu da ake mantawa: hirar WhatsApp ba ita ce fayil ba. Bayan kowace ganawa a rubuta taƙaitaccen bayani, kwanan wata, tsawon lokaci, batun a dunƙule, matakin da aka ɗauka, ranar haɗuwa ta gaba. A sa lamba maimakon suna, takardar da ke haɗa lamba da suna ta zauna a wani wuri daban. Kada fayil ɗin ya zauna a kwamfutar da ake buga sakamako da ita, kada kuma ya haɗu da fayil ɗin karatun ɗalibi.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri. Idan wayar ofis ta ɓata ko aka yi kutse, kuma abin zai iya cutar da ɗalibai, makaranta tana da awa 72 daga lokacin da ta sani ta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, idan haɗarin babba ne kuma a sanar da su ɗaliban ba tare da jinkiri ba. Ƙa'idarku ta faɗi sunan muƙamin wanda za a kira a wannan ranar, yawanci jami'in kare bayanai na jami'ar. Ma'aikaci ya ɓoye ɓatan waya don tsoron takardar tuhuma, shi ne abin da ke mai da ƙaramin abu babba.

Anti Nas:

'Yar uwa, tambayarki ta ƙarshe ita ce mai nauyi, kuma amsarta ana shirya ta ne tun ranar farko, lokacin da ɗalibi yake lafiya lau. A fom ɗin farko a karɓi cikakken kwatancen gida, irin wanda ɗan acaɓa zai gane: unguwa, layi, kusa da wane masallaci ko makaranta. A karɓi lambar mutum biyu da ɗalibin ya zaɓa da kansa, ya kuma yarda a kira su idan rai na cikin haɗari. Shi zai zaɓa, domin wani lokaci wanda takarda ta kira makusanci shi ne tushen matsalar. A rubuta asibiti mafi kusa da shi. Wanda bai karɓi waɗannan ba, ranar da abin ya faru zai tsinci kansa riƙe da waya da lambar rajista kawai.

Idan ɗalibi ya furta irin "na gaji", "gara in huta", "ku yafe mini", a bar rubutu a kira shi. Rubutu ba ya nuna kuka, ba ya nuna maye, ba ya nuna shirun da ya yi tsawo. A tambaye shi kai tsaye, da kalmomi bayyanannu, ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, yawanci ma sauƙi take kawo masa. Idan ya ce e, a bi da sauran: ya tsara yadda zai yi, abin yana hannunsa, ya sa lokaci, ya taɓa gwadawa a baya, shi kaɗai ne a ɗakin? Wanda ke da tsari kuma abin yana kusa da shi, wannan gaggawa ce. Kada a ajiye waya. A yi amfani da waya ta biyu, ko abokin aiki, a kira mutumin da ya bayar, a ce ya je wurinsa yanzu, ya kwashe magunguna da maganin ƙwari da duk abin da ya ambata, ya zauna da shi har a kai asibiti. A gaya wa ɗalibin abin da ake yi: "Zan kira yayanka kamar yadda muka yi alkawari." Ga ɗan uwan kuma a faɗi abin da zai ceci rai kawai. Ba sai ya ji labarin bashi ko na soyayya ba.

Shi ya sa ƙa'idar ta hana mutum ɗaya yin wannan aiki shi kaɗai da dare daga ɗakinsa. A ko da yaushe a samu na biyu da za a iya kira.

Lambar 112 tana nan, a gwada ta, amma kada shirin ya rataya a kanta kaɗai, ba ko'ina ake samun ɗauki da wuri ba. Kuma a yi hattara da kiran 'yan sanda tun farko. Sashe na 231 na kundin dokokin laifuka na Final Kod (Penal Code) da ake aiki da shi a Arewa, da sashe na 327 na Kiriminal Kod a Kudu, sun ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi mai ɗaurin da zai kai shekara ɗaya. An daɗe ana fafutukar soke su, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta karkata ga magani da haƙƙin majiyyaci. Duk da haka tsoron kamu yana sa iyalai ɓoye abin. Hanyar asibiti ita ce ta farko: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Kowace cibiya ta riƙe jerin na yankinta, a kira lambobin duk zangon karatu a tabbatar suna aiki.

Don tantance damuwa ana iya amfani da PHQ-9: tambayoyi tara, maki daga 0 zuwa 27, daga 10 zuwa sama a fara maganar ganin likita, daga 20 abin ya yi tsanani. Amma kada a tura shi a fom ɗin intanet a tafi hutun ƙarshen mako. Tambaya ta tara kan tunanin mutuwa ce, idan ɗalibi ya amsa ta ranar Juma'a da yamma ba wanda ya duba sai Litinin, an tambaye shi an kuma yi banza da shi. A cike shi tare, a kan layi. Kuma makin ba ganewar cuta ba ne. Mai ba da shawara ba ya cewa "kina da cuta kaza", ba ya rubuta magani. Wanda ke jin muryoyi, ko ya kwana uku bai yi barci ba yana ta surutu, ko ya nutse a shaye-shaye, ya wuce shawarar waya. Idan iyali sun ce za su kai shi wurin ruƙiyya, ba a faɗa da su, a ce a haɗa da asibiti.

Ɗalibin da ke zaune a waje, a Maraɗi ko Jidda, jerin asibitocinku ba zai amfane shi ba, kuma agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. A nemo na garinsa tun ranar farko, in ba a samu ba a tsaya kan shawarar karatu.

Maman Iman:

Allah ya saka da alheri, na kwashe duka. Saura biyu da ke yawan tasowa. Miji ko uba ya kira ya ce shi ke biyan kuɗin makaranta, a faɗa masa abin da ake tattaunawa. Sai kuma shugaban cibiya ya nemi sunayen masu zuwa shawara don rahoton ƙarshen shekara.

Malam Na-Zariya:

Malama, biyan kuɗin makaranta ba ya sayen sirrin baligi. Amma yadda za a ƙi shi ne gwaninta, domin amsa mai kaushi kan ɗalibar za ta ƙare, wataƙila a ce ta bar karatun gaba ɗaya. A gaishe shi da mutunci, a ce: "Ranka ya daɗe, ƙa'idar ofishinmu ba ta ba mu damar faɗin ko wani ɗalibi yana zuwa wurinmu ko ba ya zuwa ba, kowane ne. In kana da damuwa a kanta, ina saurare." Lura, ko tabbatar da cewa tana zuwa ba a yi ba. Saurare kuwa ba laifi, ana iya karɓar bayani ba tare da an bayar ba. Daga baya a sanar da ita cewa an kira, ta hanyar da aka tabbatar ita ce ke karantawa, a tambaye ta ko akwai abin da take so a faɗa masa, ko tana son a yi zama na uku. Da yawa sukan so hakan in an ba su zaɓi. Idan ta fi son mace ta saurare ta, a ba ta mace, wannan kaɗai yakan kashe zargin tun kafin ya taso. Ɗalibi ɗan 16 ko 17 hukuncinsa daban, ana neman amincewar iyaye tun farko, a kuma yi yarjejeniya da su kan abin da za a riƙa faɗa musu.

Shugaban cibiya kuma adadi ake ba shi: mutum nawa, kan waɗanne irin matsaloli. Ko a nan a kula, in cibiyar ƙarama ce aka rubuta "mace ɗaya, sashen lauya, matsalar aure", an faɗi suna. Duk rukunin da bai kai mutum biyar ba a haɗe shi da wani. Ƙorafin cin zarafi daga malami kuwa, a bayyana wa ɗaliba hanyoyin kai ƙara da abin da kowace za ta jawo, a taimaka mata ta adana saƙonnin da aka turo mata, amma ita za ta yanke shawarar kaiwa, sai fa in yarinya ce ƙasa da 18.

Inda na ɗan saɓa da Baban Sadiq shi ne batun mayar da komai shafin makaranta. Ɗalibar da ke sayen data ta naira ɗari biyu, a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ba za ta buɗe shafi mai nauyi ba, za ta yi shiru ne kawai. Kiran murya na minti 30 zuwa 45, ofis ne ke kira don kada katinta ya ƙare a tsakiyar magana, ya fi mata amfani. A rubuta a ƙa'ida abin da za a yi in layi ya yanke: a sake kira sau biyu cikin minti biyar, in ba a samu ba a tura saƙon da ba ya tona komai, irin "daga cibiyar karatu ne, a kira mu in an samu dama".

Baban Sadiq:

Na yarda da kiran murya, Malam, in dai daga layin ofis ne kuma ba a kan sifika ba. A ƙara layi biyu a ƙa'idar. Ma'aikaci ba ya karɓar ɗalibin da yake saurara a matsayin aboki a Facebook, ba ya bin shafinsa yana leƙen abin da ya wallafa, kuma ya rufe sitatus ɗinsa daga layin aiki. Sannan ba a kwafe hirar ɗalibi a zuba wa ChatGPT ko makamancinsa don ya taƙaita ko ya ba da amsa, domin wannan miƙa bayanin lafiya ne ga kamfanin waje ba da izinin mai shi ba, kuma cire suna ba ya wadatarwa in garin da sashen da labarin suna ciki. Ɗaliban cibiyoyin gidan gyaran hali da na barikin soja kuma a rubuta musu sakin layi nasu daban: na'urar da suke amfani da ita tana ƙarƙashin idon hukuma, sai a faɗa musu haka kafin su fara magana, a kuma nemi ganawa ido da ido duk inda aka ba da dama.